Babbar Sallah a Kufan Kashgar

Gurasa ce ta kai ni Kashgar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a Gwanzo, birnin kasuwanci na kudancin Chaina, ya san halin da ciki ke shiga a makon farko: ga abinci ko'ina, ga ƙamshi, amma ba ka san me aka yanka ba, ba ka san wa ya yanka ba. A unguwar Shiyawbe, inda mu baƙaƙen fata muke taruwa, na tarar da wasu mutane masu hula mai kusurwa huɗu da dogon hanci, ba su yi kama da sauran 'yan Chaina ba ko kaɗan. Suna gasa tsiren rago a bakin titi, sun jera gurasa mai faɗi kamar faifai. Na yi sallama don in gwada, sai na ji an amsa mini cikakkiya har da wa barakatuhu. Su ne Uygur. Daga ranar na daina kwana da biskit da ruwan shayi.

A wurinsu na san mutumin da zan riƙa kira Aka. Ba sunansa ba ne. A harshensu haka ƙane ke kiran wansa, shi kuma yana ce mini uka. Dillali ne, yana raka baƙi masana'antu, ya yi musu tafinta, ya bi kaya har su shiga kwantena. Shekara huɗu muna hulɗa ko allura ba ta ɓata a tsakaninmu ba. Muna magana da Larabcin da ya koya a gaban kakansa da nawa na Islamiyya, in ya ƙare mu cike da Sinancin kasuwa. A Oktoban 2012 masana'antar da na ba aikin takalma ta saɓa alkawari, Babbar Sallah ta matso ina Chaina. Aka ya dube ni ya ce, "Uka, ba za ka yi Sallah a ɗakin otal ba ina raye. Tashi mu je gida."

Gidan nan ba kusa ba ne, yana Kashgar, can ƙarshen yammacin Chaina. Kusan sa'a biyar muka yi a jirgin sama kafin mu sauka Urumci, babban birnin Shinjang, yankin da Uygur suke. Muna taka ƙasa Aka ya cire agogonsa ya mayar da shi baya da sa'a biyu. Chaina duk girmanta agogon Bejin take bi, amma Uygur suna da nasu lissafin da ya dace da rana. 'Yan ƙabilar Han, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, suna bin na Bejin. Sai ka ga mutum biyu a kujera ɗaya ta bas, wannan agogonsa na cewa ƙarfe goma, wancan na cewa takwas. In za ka yi alkawari da mutum sai ka tambaye shi da lokacin wa.

Kwana ɗaya muka yi a Urumci, amma ya ishe ni ganin cewa garin bai warke ba. A kudancinsa, wajen babbar kasuwar Uygur, motocin sulke ne a tsaye a mahaɗar tituna, 'yan sanda suna yawo rukuni-rukuni da garkuwa da dogayen kulake. Kowace ƙofar kasuwa sai an duba jakarka. Shekara uku ke nan da abin ya faru. A ƙarshen Yunin 2009, a wata masana'antar kayan wasan yara da ke Shawgwan, cikin lardin da Gwanzo take, aka baza jita-jita a intanet cewa ma'aikata Uygur sun yi wa matan Han fyaɗe. Daga baya hukuma da kanta ta ce ƙarya ne, amma kafin nan an far wa ɗakunan kwanan Uygur cikin dare, an kashe biyu a lissafin hukuma, sama da mutum 100 sun ji rauni, hoton bidiyon dukan kuma ya zaga wayoyi. Ranar Lahadi 5 ga Yuli matasan Uygur suka fito a Urumci suna neman a yi bincike. 'Yan sanda suka tarwatsa su, kafin dare ya raba gari ya kama da wuta. Gungun Uygur suka bi Han a titi da cikin bas da shaguna suna kisa. Gwamnati ta ce mutum 197 suka mutu, yawancinsu Han, sama da 1,700 suka jikkata. Bayan kwana biyu su ma Han suka fito da sanduna da ƙarafa neman fansa. Jami'an tsaro suka bi unguwannin Uygur suna kwashe samari, an yanke wa wasu hukuncin kisa, wasu kuwa iyayensu ba su sake jin ɗuriyarsu ba. An rufe intanet a duk Shinjang har Mayun 2010, wata goma.

Wanda ya zauna a Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san yadda magana maras tushe ke zama gawa kafin la'asar, ya san yadda bayan ƙura ta lafa kowa ke kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren da nasa suke. Haka Urumci ta zama, Han sun ƙara turuwa arewa, Uygur kudu.

Aka bai yi mini wannan zancen a gidan abinci ba. Sai da muka fito muna tafe a wani titi maras jama'a ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Waɗanda aka kashe a bas me suka yi? Wani mai kayan miya ne, wata tana komawa gida daga aiki. Allah zai tambayi wanda ya kashe su. Amma ɗan maƙwabcinmu da ya zo nan koyon gyaran mota, aka ɗauke shi a mako na biyu, shi wa zai tambaya?" A lokacin rikicin shi yana Gwanzo, nisan dubban kilomita, duk da haka mai gidan da yake haya ya ba shi kwana uku ya kwashe kayansa, otal-otal kuma suna ganin katin shaidarsa sai su ce ɗaki ya ƙare.

Daga Urumci jirgin ƙasa muka hau, kusan kilomita 1,500, kwana da yini. Layin dogon bai isa Kashgar ba sai 1999. Ta hannun dama duwatsun Tiyanshan da ƙanƙara a kansu, ta hagu hamadar Taklamakan, a tsakani gonakin auduga da ido ba ya ganin ƙarshensu, ana tsakiyar ɗiba. Mun wuce Turfan da Korla da Aksu. A taragonmu akwai wani injiniya Bahan, mutum mai fara'a, ya yi ta miƙo mana lemo. Da ya ji inda za mu sai ya ce ya yi aiki a Sicuwan bayan girgizar ƙasar 12 ga Mayun 2008, wadda ta ci mutum kusan 70,000. Ya ce da idonsa ya ga an zaro yara daga ƙarƙashin gini. "Tsohon garin Kashgar ƙasa ce da itace," in ji shi, "lungunan ko motar kashe gobara ba ta shiga. Ƙasa ta motsa sau ɗaya, dubbai za a binne." Aka ya fassara mini maganar daidai, bai rage ba bai ƙara ba, ya karɓi lemo ya yi godiya, sannan ya juya yana kallon taga har aka kira sunan tasha ta gaba.

Kashgar ta fi kusa da Bagadaza a kan Bejin. Daga nan hanya ke hawa duwatsu ta shiga Pakistan, wasu biyu su shiga Kirgistan, kuma shekaru aru-aru nan ne zangon fataken siliki. A ƙarni na 11 wani ɗan ƙasar, Mahmud al-Kashgari, ya je Bagadaza ya rubuta ƙamus na harsunan Turkawa da Larabci. Babban masallacin garin, Id Kah, asalinsa tun 1442, wato shekara 21 kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. Tafiyar 'yan mintoci daga ƙofarsa mai launin ɗorawa sai ga gunkin Mao, tsohon shugaban ƙasar, ɗaya daga cikin mafi girma da suka rage a Chaina, ya ɗaga hannu a kan wani makeken fili.

A otal na sauka. Baƙon ƙasar waje ba ya kwana a gidan mutum sai an kai sunansa ofishin 'yan sanda, Aka kuma ya ce gara kada a jawo wa tsoho ido. Da safe ya zo ya ɗauke ni muka shiga abin da ya rage na tsohon gari.

Ban taɓa zuwa wata ƙasa na ji kamar na shiga cikin birnin Kano ba sai ranar. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, katangun ƙasa dogaye ba taga, ƙyaure mai ganye biyu da aka yi wa sassaƙa, in ya buɗe ka hango tsakar gida da rumfar inabi da tukwanen furanni. Inda fili ya ƙare wa iyali, ɗa ya isa aure, sai a gitta azara a saman lungu a ɗora masa ɗaki, mutane na wucewa ta ƙarƙashi a cikin duhu mai sanyi. Aka ya nuna mini ƙasa ya ce in lura: inda aka shimfiɗa bulo mai kusurwa shida, lungun yana ɓullewa, inda kuwa mai kusurwa huɗu ne, ba ya fita. Kowace sana'a da layinta. Maƙeran tagulla suna ta ƙwanƙwasa butoci, masu hula sun jera dofa, wato hular nan tasu, masu sassaƙa gurmi irin nasu da suke kira dutar da rawaf suna zaune cikin ɓawon itace. Mai gurasa ya sunkuya rabin jikinsa a cikin tanderu yana manna ƙullu. Na tambayi sunan abin, aka ce tonur. Yara suka biyo ni zuga guda, wasu na taɓa hannuna su duba yatsunsu. Wani dattijo ya tare ni ya ce, "Musulman?" Na ce alhamdu lillahi. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya shafa gemunsa, ya ƙi sakina sai da na sha shayi.

Muka karya wata kwana, sai lungun ya yanke. Ba katanga a gaba, ba inuwa. Fili ne fetal na ɓaraguzai, girmansa ya fi filin Idi, katafila biyu na aiki a can ƙarshe, ƙura ta tashi ta rufe rana. Nan da can bango ɗaya ya tsira a tsaye, kana ganin cikin ɗakin mutane a waje: shuɗin fenti, 'yan alkuki da aka yi wa ado da farar ƙasa inda ake jera kwanuka, ƙusar da aka rataye wani abu. A jikin gidajen da ke bakin filin an shafa wani harafin Sinanci cikin da'ira. Aka ya ce ma'anarsa a rushe. Wasu mutane suna tsintar tubali suna kankarewa, wani ya loda tsofaffin ƙyaure da azara a amalanken jaki.

Aka ya yi ta tafiya a kan ɓaraguzan yana dube-dube kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Can ya tsaya a kan wani kututturen inabi da aka sare, kaurinsa ya kai cinyar mutum. Daga nan ya fara ƙirga taku. "Nan ƙofa. Nan dakalin da dada ke zama da baƙi. Nan ɗakin apa, a nan aka haife ni, a nan aka haifi dada." Dada da apa su ne uba da uwa a harshensu. Ya yi taku talatin zuwa gabas ya ce nan ne masallacin unguwa. Babu komai a wurin sai tarin ƙasa da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Bai yi kuka ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannunsa, ya karkaɗe, ya ce mu tafi apa na jira.

A farkon 2009 aka fara aikin rusau, watanni kafin rikicin Urumci, kuma rikicin bai sa an dakata ba. Shirin ya shafi mutum kusan 220,000, kuma an ce kashi 85 cikin 100 na tsohon garin za a rushe. Hujjar gwamnati ita ce ta injiniyan nan da muka haɗu da shi a jirgin ƙasa, kuma ba zan ce ƙarya ba ce. Girgizar ƙasa mai ƙarfi ta taɓa rugurguza yankin a 1902. A zamanin Mao an sa mutane sun haƙa ramukan ɓuya a ƙarƙashin gidajen don tsoron harin Rasha, ramukan sun raunana tushe. Ni da na taso a gidan ƙasa, na ga yadda soro ke zubowa kan mutane a watan Agusta, ba zan raina wannan magana ba. Wasu iyalai an bar su a filinsu, gwamnati ta tsayar musu da ginshiƙan kankare, su kuma suka ƙarasa da kuɗinsu. Amma wanda titi ko layin shaguna ya bi ta kan gidansa, kamar su Aka, sai diyya da bene a bayan gari.

Benen nasu yana cikin jerin gine-gine masu hawa shida, iri ɗaya sak, lamba ce kawai ta bambanta su. Su suna hawa na biyar, babu lif. Apa ta tarbe mu a bakin ƙofa tana dafa bango, ta ce mini balam, wato ɗana. Gwiwa ta hana ta sauka, sai ta yi mako biyu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ba ta ɓoye abin da ta samu ba. Ta kai ni ta murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, ta nuna bayan gida, ta ce a tsohon gida a kan soro yake, da bokiti, ga sanyin hunturu. Ta ce wannan kam ta gode. Sannan ta ɗauko gurasa ta karya ta ce in yi haƙuri, ta saye ce. Shekara arba'in ita da maƙwabtanta huɗu tanderu ɗaya suke hurawa, kowa da ranarta, a bakinsa ake jin wa ta haihu, wa ba shi da lafiya, 'yar wa ta isa aure. A bene ba inda za a gina tanderu. Maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa yanzu ba ta san sunanta ba.

Dada, tsoho mai farin gemu da ya yi rayuwarsa yana ɗinkin takalman fata, ya sa an haɗa masa dakalin katako a falo an shimfiɗa darduma, don ya ce shi ba zai ci abinci ƙafa na reto ba. Shekara hamsin yana salla biyar a masallacin taku talatin. Yanzu mafi kusa sai ya yi tafiyar minti ashirin, bai san liman ba, liman bai san shi ba. Da muka je Magariba na ga allo a ƙofar, Aka ya karanta mini: an hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga.

Ranar Sallah tun da duhu muka fita, sanyi na yanka kunne. Tituna sun cika da maza, kowa da darduma a hammata, duk an nufi Id Kah. Cikin masallacin ya cika tun kafin mu iso, muka yi sahu a filin waje, dubban mutane har kan titi. 'Yan sanda sun kewaye filin, kyamarori na kallonmu daga kan turaku. Amma da aka ɗaga kabbara, murya ɗaya ta tashi daga wannan taro, na manta da su, na manta ina wata ƙasa. Bayan an sallame sai ga kiɗa daga saman ƙofar masallacin, 'yan ganguna da wata algaita da suke kira sunay, sautinta kamar wadda ake busa wa sarki. Maza suka yi da'ira, tsofaffi da samari, hannuwa a buɗe, suna juyawa a hankali suna buga ƙafa. Sama suke kiran rawar. Dada ya miƙa mini sandarsa ya shiga. Tsohon da na ga yana hawa matakala yana hutawa a kowane hawa, ga shi yana juyi idonsa a rufe.

A gindin bene aka yanka ragon, tsakanin motoci biyu, irin tumakinsu masu kitse a gindi maimakon wutsiya. Aka ya feɗe, aka hau da naman sama a roba. Apa ta cika dakali da sangza, wani soyayyen fulawa sirara da ake naɗewa a tara kamar hasumiya, ga zabibi, ga rumman, ga gyaɗar waje. Sai dada ya zauna ya kasa nama. Ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, ta sha ninki har ta fara yagewa. Sunayen magidantan tsohuwar unguwarsu ne, gida arba'in da 'yan kai, da rubutun Uygur mai haruffan Larabci. A gaban kowane suna ya rubuta inda aka mayar da shi da lambar bene, wasu da lambar waya. Bakwai babu komai a gabansu.

A da, in ji Aka, kafin azahar ta ranar Sallah dada ya gama shiga kowane gida a ƙafa, ya sha shayi, ya yi addu'a, ya fito. A wannan shekarar tasi muka ɗauka, yini biyu, muka samu gida tara. Wani yana gabas da gari, wani yana hanyar filin jirgi. Duk inda muka shiga sai tsofaffin su rungume juna su daɗe, sannan tambaya ta fara: wane fa, ina aka kai shi? A gida na uku aka gaya wa dada cewa ladaninsu ya rasu tun bazara. Bai ji ba, bai je jana'iza ba, mutumin da suka yi shekara hamsin a sahu ɗaya. Ya karɓi biro a hannuna ya ja layi a kan sunan.

Akwai ƙullin nama ɗaya da muka yi ta yawo da shi. Na wata gwauruwa ce da mijinta ya rasu ba su haihu ba, wadda unguwa ke riƙe da ita, wannan ya kai miya, wancan ya kai gawayi. Sunanta na cikin bakwai ɗin nan. Wani ya ce an gan ta a benaye na bayan kasuwar dabbobi, muka je, muka yi ta hawa muna sauka muna ƙwanƙwasa ƙofofi, ba wanda ya san ta. Da yamma ta biyu muka dawo da ƙullin. Apa ta karɓa ba ta ce komai ba, ta barbaɗa masa gishiri ta rataye a baranda, ta ce ko Allah zai sa a ji labarinta.

A nan ne hujjar injiniya ta gaza mini. In don tsare rai ne, ana iya ƙarfafa gini, ana iya rushe wanda ya lalace a mayar da mai shi wurinsa, ana iya tashin unguwa ɗungurungum a sauke ta wuri ɗaya da limaminta da ladaninta da gwauruwarta. Masana gine-gine a ciki da wajen Chaina sun faɗi haka, Majalisar Tarayyar Turai ma ta yi kira a Maris 2011 da a dakatar da rusau. Ba a saurara ba, kuma ba a tambayi su dada ba, sanarwa aka manna musu. Mutanen da a ƙidayar 1953 suke kashi 75 cikin 100 na Shinjang, Han na kashi 6, suka wayi gari a 2010 suna kashi 46 Han na kusan 40, in aka zo da katafila garin da suke ɗauka a matsayin zuciyarsu, ba girgizar ƙasa za su fara tunawa ba. Aka ya nuna mini sabon titi mai faɗi da ya ratsa inda lunguna suke ya ce, "Motar kashe gobara za ta shiga, gaskiya ne. Ba ita kaɗai ba." Kashgar ta ga nata jinin, an kashe 'yan sanda 16 a Agustan 2008, an kai wasu hare-hare a ƙarshen Yulin 2011. Kowane hari na jawo ƙarin matsi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kowane matsi kuma na ƙara wa masu wuƙa magoya baya.

Mun bi ta ɓangaren da aka gama sabuntawa. Kankare ne aka shafe da launin ƙasa, an yi wa tagogi ado, ƙasan kowane gida shago ne na tsaraba. Yana da kyau a hoto, kuma masu yawon buɗe ido daga gabashin Chaina suna ta ɗauka. Na tuna Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina wata a wurin, na tuna yadda badala ke ƙarewa a idonmu, na ji kunyar yadda na wuce ta wurin sau ɗari ban tsaya ba.

Ranar da zan tafi dada ya sa mini dofa a kai da hannunsa, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, muka shafa. Apa ta cusa mini gurasa shida a jaka.

Abin da ya biyo baya a labarai na ji shi. A ranar 30 ga Yulin 2014 aka kashe babban limamin Id Kah, Juma Tahir, da wuƙa bayan sallar Asuba. A Satumbar shekarar aka yanke wa Ilham Tohti, malamin jami'a Ba'uygure da ke kiran a zauna a tattauna, ɗaurin rai da rai. Ni da Aka muka ci gaba da aiki har 2016, lokacin da aka ce masa ya koma garinsu. Muna gaisawa ta manhajar waya ta WeChat. A farkon 2017 ya turo mini saƙon murya gajere, ba sallama irin tasa, ya ce yana lafiya, kowa na lafiya, kada in neme shi, shi zai neme ni. Washegari na ga ya cire ni.

Na yi fushi a lokacin, Allah ya yafe mini. Sai a 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai rahotanni masu ƙarfi cewa ana tsare da mutane har miliyan ɗaya a sansanoni, Chaina ta ce makarantun koyon sana'a ne na yaƙi da tsattsauran ra'ayi. A shekarar ne ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da jerin ƙasashe 26 da hulɗa da su kan jawo wa Ba'uygure tuhuma. Na karanta jerin, ga Najeriya a ciki. Lambata da ke wayarsa, da hotunanmu a filin Idi, da kwanan da na yi ina hawa benensu maƙwabta na kallo, ban san me suka jawo masa ba. A Yulin 2019 kuma ƙasata ta sa hannu, tare da Saudiyya da Pakistan da wasu, a wasiƙar da ta yaba wa manufar Chaina a Shinjang.

Zuwana Gwanzo na ƙarshe na bi ta Shiyawbe, masu tsire da gurasa ba ko ɗaya. Lambar Aka tana nan a wayata, ban kira ba, ba kuma zan kira ba. La'adarsa ta kwantenar ƙarshe, dala 600, tana hannuna. Na rubuta ta a littafin bashi da cikakken sunansa da na mahaifinsa da lambar benensu, na nuna wa babban ɗana shafin.